Wiwi da Ƙwaƙwalwar da Ba ta Gama Ginuwa ba: Nasiha ga Ƙannena na Rai Buba

Ƙannena na Rai Buba, da na Collire da Tuboro da Madingirin, da ku da kuka bar gida kuka tafi Garwa karatu ko neman na kanku, da ku nake magana. Zancen wiwi nake so mu yi, wadda wasunku ke ce wa banga, wasu su ce ganye. Na san an sha yi muku shi. Liman ya faɗa a huɗuba, malamin makaranta ya faɗa, iyaye sun yi faɗa har bakinsu ya gaji. Sai dai yawancin abin da kuke ji bai wuce "haramun ce" da "tana haukatarwa" ba, ku kuwa kuna da ido. Kun ga mutumin da ya shekara ashirin yana zuƙa, ga shi nan yana noma gonarsa, ya aurar da 'ya'ya, bai taɓa tuɓe riga a kasuwa ba. Sai ku ce manya tsoratarwa kawai suke yi. Wannan hujja taku tana da nauyi, kuma ta cancanci a ba ta amsa da ilimi.

Ku je ku tambayi mutumin nan yana ɗan shekara nawa ya fara. Kusan duk maganar a nan take.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta kammala girma a lokacin da gemu ya fara fitowa. Tsawo yakan tsaya, murya ta buɗe, ƙarfi ya zo, amma aikin da ake yi a cikin kai yana ci gaba har wajen shekara 25. Sashen da ke bayan goshi shi ne na ƙarshe wajen nuna, kuma shi ne mai riƙe linzami: shi ke auna abin da zai biyo baya, shi ke danne fushi, shi ke tsara gobe. Ku da kuka tashi kuna ganin katangar fadar Lamiɗo kun san halin ginin ƙasa. Katangar da ta bushe ta shekara, in ka jingina da ita ba abin da zai same ta. Wadda magini ya ɗora jiya, tana ɗanye, in ka dafa ta da hannu shaidar yatsunka za ta bushe a jikinta, ta zauna. Ƙwaƙwalwar ɗan shekara 15 ɗanyen gini ce.

Ga abin da ke dafa ta. A cikin wiwi akwai wani sinadari da ake kira THC, shi ne mai bugarwa. Wani masani mai suna Raphael Mechoulam da abokin aikinsa ne suka fara ware shi a 1964. A 1992 kuma aka gano a ɗakin bincikensa cewa jikin mutum da kansa yana yin wani sinadari mai kama da shi, kaɗan-kaɗan, daidai lokacin da ake bukata, daidai wurin da ake bukata. Da shi ƙwaƙwalwa ke daidaita barci, da sha'awar abinci, da jin zafi, da ajiyar abin da aka koya. A shekarun samartaka kuma yana cikin masu taimakawa wajen zaɓar hanyoyin jijiyoyin da za a ƙarfafa da waɗanda za a datse. In hayaƙin wiwi ya shiga huhu, cikin 'yan daƙiƙoƙi THC ya isa kai, ya mamaye duk wuraren da sinadarin jiki ke zama, ba ma'auni, ba lokaci. In abin ya zama na kullum, ƙwaƙwalwa takan kare kanta ta rage yawan wuraren karɓar. Shi ya sa naɗi ɗaya da ke kai mutum sama bara, bana sai uku. Shi ya sa kuma ranar da babu, abinci ba ya daɗi, hira ba ta daɗi, barci ya ƙi zuwa.

A birnin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan, masana sun ɗauki yara 1,037 da aka haifa tsakanin 1972 da 1973, suka riƙa bin rayuwarsu. Sun gwada basirarsu suna yara, kafin kowa ya san wiwi, suka sake gwadawa suna da shekara 38. Sakamakon da suka fitar a 2012 ya nuna waɗanda suka fara tun suna samari kuma suka ɗore da sha sosai sun yi asarar kusan maki 8 a ma'aunin basira, kuma dainawa daga baya ba ta dawo musu da komai gaba ɗaya ba. Waɗanda suka fara bayan sun girma ba a ga irin wannan faɗuwa a tare da su ba. Masana sun yi ta muhawara a kan wannan adadi, wasu suka ce talauci da halin gida ma suna da hannu. Abin da babu gardama a kansa shi ne mai sha a kai a kai hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, sabon karatu ba ya zama masa, kuma raunin yakan ɗauki kwanaki bayan buguwar ta wuce, domin THC yana maƙalewa a kitsen jiki ya riƙa fita a hankali. Ɗalibin da ke shirin jarrabawar BEPC, da almajirin da ke hadda, su lura da wannan. Wanda ya zuƙa daren Asabar yana ganin ya warware da safe, alhali ranar Litinin a aji da sauran abin a jikinsa. Sai malami ya ce yaron nan da yana da kai, yanzu ya dushe. Shi kansa yaron sai ya yarda cewa dama shi ba mai ƙwaƙwalwa ba ne, ya ajiye littafi. Wannan asarar ta fi ba ni takaici fiye da kowace, saboda ba ta da ƙara, ba wanda ke kai ta asibiti, kuma mai ita ba ya sanin an yi masa sata.

Sai maganar hauka, wadda kuka ce ƙari ake yi. Gaskiya ne yawancin masu sha ba sa haukacewa. Amma ku ji yadda lissafin yake. A ƙasar Suwidin an bi samari 45,570 da aka ɗauka aikin soja, tsawon shekara 15, aka wallafa sakamakon a 1987. Waɗanda suka ce sun sha wiwi fiye da sau 50 kafin a ɗauke su, haɗarin kamuwarsu da ciwon sikizofireniya ya ninka na marasa sha har sau shida. Wannan shi ne ciwon da mutum ke jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, yana ganin ana binsa, ana zancensa a rediyo, an zuba masa guba a tuwo. A 2019 likita Marta Di Forti da abokan aikinta suka fitar da binciken da suka yi a wurare 11 na Turai da Barazil: mai sha kullum haɗarinsa na taɓuwar hankali ya ninka sau uku, mai shan wiwi mai ƙarfi kullum kuwa kusan sau biyar. A Danmak ma an duba bayanan asibiti na mutane kusan miliyan 7, aka fitar a 2023 cewa maza matasa ne abin ya fi kamawa, har aka ƙiyasta cewa a tsakanin maza 'yan shekara 21 zuwa 30, kusan kashi 30 cikin ɗari na masu wannan ciwo da ba su kamu ba in da ba su faɗa jarabar wiwi ba.

Abin da ya sa nake kiran wannan caca shi ne babu wanda ya san a wane ɓangare yake tun kafin ya fara. Wasu an haife su da raunin a jini, yana kwance, wataƙila da har su mutu ba zai tashi ba. Wiwi ce ke tada shi. Mutum biyar za su zauna a inuwa ɗaya, su zuƙi naɗi ɗaya, huɗu su tashi suna dariya, na biyar ya tashi da abin da zai bi shi har kabari. Saboda haka duk wanda ya san a danginsa, ta wajen uwa ko ta wajen uba, an taɓa samun mai taɓin hankali, to kada ya ko kusanci hayaƙinta. Haka wanda ya taɓa zuƙa ya ji zuciyarsa na bugawa kamar za ta fito, tsoro ya rufe shi ba dalili, ya ga kamar abokansa na ƙulla masa sharri. Abokai za su yi dariya su ce bai saba ba ne, ya ƙara zai saba. Kada ya ƙara. Jikinsa ne ya yi masa gargaɗi, kuma ba kowa ake yi wa gargaɗin sau biyu ba.

Ku kuma sani cewa abin da mutumin nan da ya shekara ashirin yana zuƙa ya fara da shi ba lallai ne shi ake sayar muku yau ba. A Amurka, inda ake auna wiwin da aka kama, THC ɗin cikinta ya tashi daga kusan kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014, domin masu nomanta sun yi ta zaɓen iri mai ƙarfi. A nan nahiyarmu wata musibar ce ta ƙaru, wato ganyen da ake fesa wa sinadaran da aka haɗa a masana'anta. A Saliyo wani haɗi da ake kira kush ya kwantar da matasa a tituna, ya kashe da yawa, har shugaba Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a watan Afrilun 2024. Da aka gwada shi an sami wiwin roba da wasu magungunan da suka fi hodar hiroyin ƙarfi nesa ba kusa ba. Yankinmu na Mayo Rai yana bakin iyakar Chadi da Afirka ta Tsakiya, kaya na shigowa ta hanyoyin da ba mai dubawa. Ƙullin da dila ya miƙo maka ba shi da takarda, ba shi da sunan mai yi. Masu cewa ai ganye ne, Allah ne ya halicce shi, su tuna zaƙami ma Allah ne ya halicce shi, kuma kowa ya san abin da yake yi wa wanda ya sha.

Na san da yawanku ba don nishaɗi kuka fara ba, don aiki ne. Yaron da ke cikin ramin zinariya tun asuba, da mai tsinkar auduga da za a kai wa kamfanin Sodecoton, da mai jan koma a tafkin Lagdo, da ɗan kilandon da ke yawo da babur a ranar Garwa ta watan Maris, duk an ce musu tana sa ƙarfi. Ba ta sa ƙarfi. Jin gajiyar take toshewa, gajiyar kuwa tana nan. Gajiya saƙo ce da jiki ke aikowa cewa a tsaya, a sha ruwa, a huta. Wanda ya toshe saƙon zai ci gaba da sara alhali jikinsa ya ƙare, bugun zuciyarsa kuma ya ƙaru da 20 zuwa 50 a minti ɗaya saboda hayaƙin, ga zafin rana a kai. Tana kuma rage saurin ɗaukar mataki da iya auna nisa. A kan babur, tsakanin ganin saniya ta fito titi da taka birki ƙiftawar ido ce, kuma a wannan ƙiftawar ake rasa ƙafa, ko a rasa matar mutane da goyonta da aka ɗauko. A cikin rami, wanda kansa ya yi nauyi ba ya jin ƙasa ta fara zubowa. Mafi muni shi ne haɗa ta da tiramol, abin da ya zama ruwan dare a wuraren aikin ƙarfi. Tiramol in ya yi yawa yana kawo farfaɗiya, yana danne numfashi, kuma wanda ya riga ya bugu da wiwi ba ya ƙirga ƙwaya nawa ya haɗiya.

Huhu ma yana biyan nasa: tari mai majina da ba ya ƙarewa, da shaƙewar ƙirji. Naɗi ɗaya da ke zagaya bakuna biyar a ɗaki rufaffe kuwa hanya ce buɗaɗɗiya ga tarin fuka. Samari masu shirin aure su ji wannan: a Danmak an gwada samari 1,215, aka wallafa a 2015 cewa masu sha fiye da sau ɗaya a mako ƙwayoyin haihuwarsu sun ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙannena mata, ban manta da ku ba, ko da yake an fi ɓoye naku. THC yana ratsa mahaifa ya isa ga ɗan tayi, ana haihuwar jariri da ƙarancin nauyi, kuma yana fita a nono.

Akwai kuma masu sha don su manta. Ba zan raina dalilinku ba. Wanda aka sace mahaifinsa aka sayar da garke kaf don biyan fansa, kamar yadda ya sami gidaje da dama a yankin Tuboro, ko wanda ya gama makaranta ya shekara biyar ba aiki, yana da abin da zai so ya manta. Amma wiwi rance take bayarwa, kuma da ruwa take karɓa. Sa'a biyu na sauƙi, sannan damuwar ta dawo ta tarar da kai ka fi jiya rauni. Wasu masana a Kanada sun tattara binciken da ya shafi mutum fiye da 23,000, suka fitar a 2019 cewa waɗanda suka sha kafin shekara 18 sun fi faɗawa ciwon baƙin ciki bayan sun girma, kuma yunƙurin kashe kai ya fi yawa a cikinsu ƙwarai.

Masu cewa ba ta kama mutum, duk ranar da na ga dama zan daina, ga lissafinsu: cikin mutum 10 da suka taɓa sha, kusan 1 yakan zama ba ya iya rabuwa da ita. In tun yana saurayi ya fara, 1 ne cikin 6. Gwajin mai sauƙi ne, ba sai an je asibiti ba. Ka bar ta mako biyu. In ka ga ka kasa, ko ka ga kana ta kawo wa kanka uzurin ɗage gwajin zuwa bayan salla, ka sami amsarka. Ka kuma lissafa kuɗin. A ce sefa 500 kake kashewa kullum, a shekara ya zama 182,500. Ka tambayi kanka tumaki nawa ke nan.

Za ku ce ai Turawa sun halatta ta, kun gani a waya. Haka ne, Uruguwai ta yi a 2013, Kanada a 2018, Jamus a 2024. Amma babu ɗaya daga cikinsu da ta halatta wa wanda bai kai shekara 18 ba, kuma hukumomin lafiyarsu suna ta gargaɗin matasa da irin abin da nake faɗa muku. Tailan ta sassauta a 2022, a 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita. Maganin farfaɗiyar yara da ake cirowa daga tsiron kuwa daga wani sinadarin ne daban, CBD, wanda ba ya bugarwa, ana tace shi ana auna shi da cokali. Bai haɗa hanya da ƙullin bayan tasha ba. A Kamaru dokar ranar 7 ga Agusta 1997 tana nan, ta hana noma ta da sayar da ita da riƙe ta da shan ta, kuma ɗan talaka ne ke kwana a kurkuku a kanta. Ta fuskar addini malamai sun daɗe da gama magana. Tun ƙarnoni da suka wuce Ibn Taimiyya ya yi fatawar haramcinta, Imam Zarkashi ya rubuta littafi sukutum a kan haka, kuma tsare hankali yana cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo don karewa.

Abin da ya sa na keɓe ku da wannan nasiha, ban yi ta ga matasan duniya gaba ɗaya ba, shi ne nisan taimako. Yaron Kanada in kansa ya juye, motar asibiti za ta zo ƙofar gidansu. Likitocin ƙwaƙwalwa a Kamaru 'yan kaɗan ne, yawancinsu kuma suna Yawunde da Duwala, a irin asibitin Jamot da na Laquintinie. Daga Rai Buba zuwa Garwa ma tafiya ce, balle da damina in hanya ta yanke. Maganin ciwon kuwa ba na mako ɗaya ba ne, wani sai ya shekara da shekaru yana sha, kuma daga aljihun iyali kuɗin ke fita. In abin ya fi ƙarfin gida, abin da ke biyo baya kun san shi: a ce aljanu ne, a ce sammu ne, a sayar da sa a kai wa mai magani, daga ƙarshe a sa mari. A watan Satumbar 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa, wasunsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu don a raba su da shaye-shaye. Iyayen nan ba mugaye ba ne, rasa inda za su dosa suka yi. Sarƙa dai ba ta taɓa warkar da ƙwaƙwalwa ba.

Wanda ya riga ya fara, ƙofa ba ta rufe ba, kuma ƙuruciyar da ta sa ƙwaƙwalwarka saurin rauni ita ce ke sa ta saurin farfaɗowa in ka daina da wuri. Ka san abin da zai zo don kada ya ba ka mamaki. Daga kwana ɗaya zuwa uku za ka fara jin fushi ba dalili, abinci ya fita ranka, barci ya gagara, mafarkai su yi yawa, wani har gumi da ciwon kai. Makon farko ne mai wuya. Zuwa mako na biyu yawanci sun lafa, barci ne kan ɗan jima bai daidaita ba. Wannan wahalar ba ta kisa. Amma in kana haɗawa da tiramol, kada ka yanke shi kai kaɗai rana ɗaya, ka je wurin ma'aikacin lafiya ya tsara maka yadda za ka rage. Ka faɗa wa mutum ɗaya da ka amince da shi, yayanka ko kawunka ko malaminka, domin abin da aka ɓoye ya fi wuyar bari. Ka canja wurin zama da yamma. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma ba wanda ke daina wiwi yana zaune a majalisar da ake naɗa ta. In an miƙo maka, ba sai ka yi wa'azi ba, ka ce ƙirjina ba ya ɗauka, ka tashi.

In kuma abokinka ne ko ƙaninka ka ga ya canja, ya daina barci kwana da kwanaki, yana magana shi kaɗai, yana zargin mahaifiyarsa da sa masa guba, ya daina wanka, to kada ku tsaya jiran ya wuce. Kada a doke shi, kada a yi masa taron dariya, kada a yi gardama da shi a kan abin da yake ji. A kawar da wuƙa da adda daga kusa da shi, mutum biyu da ya yarda da su su raka shi asibitin gunduma, in ya fi ƙarfinsu su tura shi Garwa. Addu'a da magani ba sa karo, a yi su tare. Kuma in likita ya tambaya me yake sha, kai da ka sani ka faɗi gaskiya, har da tiramol in akwai, da tun yaushe, da yawan da yake sha a rana. Da wannan bayanin ne likita zai bambance rikicewar da hayaƙi ya kawo, wadda kan lafa cikin kwanaki ko makonni in an daina, da ciwon da ke bukatar dogon magani. Irin wannan ciwon, gwargwadon saurin fara maganinsa gwargwadon yadda mai shi ke komawa gona da makaranta.